Idan Mota Ta Yi Karkarwa Wajen Taka Birki: Abin Lura Kafin A Biya Kuɗin Gyara

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a Yawunde ya san ba a banza ake yi wa garin kirari da birni mai duwatsu bakwai ba. Daga unguwarmu ta Madagaskar zuwa kasuwar Mokolo, daga Tsinga zuwa Briqueterie, balle hanyar da ta gangaro daga Dutsen Febe, da wuya direba ya yi tafiyar minti biyar bai hau tudu ko ya gangara kwari ba. Ga 'yan babur da ke kutsowa ta kowace kusurwa, ga tasi masu launin ruwan ɗorawa da ke tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu. Saboda haka birkin motar Yawunde bai san hutu ba, kuma da shi ake fara jin alamar gajiya.

Kukan da muka fi ji a bakin masu motoci shi ne wannan: mota lafiya lau take tafiya, amma da zarar an taka birki da ƙarfi tana cikin gudu, sai sitiyari ya kama rawa a hannu, feda tana bugun tafin ƙafa, wani lokaci har kujera ta ɗauka. A cikin gari, inda cunkoso ba ya barin mutum ya yi gudu, abin ba ya cika damun kowa, sai a yi ta ɗaga gyaran daga wannan wata zuwa wancan. Ranar da yake nuna kansa sosai ita ce ranar da aka cika mota da iyali da kaya aka kama hanyar Arewa don hutun makaranta ko Sallah: Ayos, Abong-Mbang, Bertuwa, Garuwa-Bulai, Meiganga, Ngaundere, sannan doguwar gangarar nan da ake kira Falaise wadda ke sauke matafiyi zuwa Mbe a kan hanyar Garuwa. A irin wannan wuri ba a son birki mai gardama.

Mu ma abin ya taɓa mu. Wata tsohuwar Toyota Carina E da muke zirga-zirgar gida da ita ta ci mana kuɗin gyara har sau uku a kan wannan matsala ɗaya. Karon farko aka canza takalman birki, waɗanda masu gyara a nan ke kira filaket. Karo na biyu aka kai faya-fayan birki wurin mai injin feƙe ƙarfe ya share fuskarsu. Motar ta yi shiru kamar an gama, bayan 'yan watanni karkarwa ta dawo. A karo na uku ne wani dattijon makanike ya ƙi taɓa komai sai da ya yi awo, kuma abin da ya gano bai kai kuɗin takalmi ɗaya ba. Za mu dawo kansa a gaba. Darasin da muka ɗauka shi ne muke son raba wa masu karatu: karkarwa alama ce, ba ita ce cutar ba, kuma wanda ya sayi kayan gyara kafin a gano tushenta, sau da yawa sai ya sake saye.

Zafi shi ne aikin birki

A ƙafafun gaba na kusan duk ƙananan motocin da ke yawo a titunanmu akwai faifan ƙarfen zubi, diski a bakin makanikai, wanda ke juyawa tare da taya. Idan direba ya taka feda, man birki yana tura wani muƙamuƙi, wato etiriye, shi kuma ya matse faifan tsakanin takalma biyu. A baya, tsofaffin Corolla da Starlet da yawa ganga suke da ita, tambur, wadda takalma ke tokara daga ciki. Ƙafafun gaba su ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota, kusan kashi biyu cikin uku ko fiye, domin nauyi gaba yake komawa idan an taka birki.

Birki ba ya ɓatar da ƙarfin gudu, mayar da shi zafi yake yi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,200, idan tana gudun kilomita 100 a awa aka tsayar da ita cak, zafin da ke fita ya isa ya kai lita ɗaya da rabi na ruwa ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi yake shiga ƙarfen. Idan gudu ya ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Gangara ta fi haka tsanani: duk saukar mita 100 ta tsayin tudu da aka yi a kan birki kaɗai, daidai take da irin waccan tsayawa sau biyu da rabi. Wanda ya fahimci wannan lissafi ya fahimci rabin dalilin da ke sa birki lalacewa a gari irin namu.

A fara da sauraron motar

Kafin a je gareji, mai mota yana iya rage wa kansa wahala da 'yan gwaje-gwaje a kan hanya mai kyau wadda ba kowa, ba tare da iyali a ciki ba.

Tambaya ta farko ita ce ko karkarwar tana zuwa ko da ba a taɓa birki ba. Idan sitiyari yana rawa a tsakanin gudun 80 zuwa 110 ƙafa tana kan totur, to a bar birki ya huta da zargi. Wannan aikin taya ne: ko ba a daidaita nauyinta ba, ko ta yi ƙullutu, ko rami ya lanƙwasa ƙarfenta. Idan kuwa sai an taka birki take zuwa, ta kuma ɗauke da zarar an saki, sai a lura da inda ake jin ta. Rawar sitiyari tana nuna ƙafafun gaba. Girgizar kujera da bayan mota, sitiyari kuwa yana zaune lafiya, tana nuna baya. A motar da ke da ganga a baya, ana iya tabbatarwa ta hanyar jan birkin hannu a hankali, yatsa a kan maɓallinsa, mota tana tafiya sannu: idan aka ji tana kamawa tana saki, gangar ta daina zama da'ira sosai. Sai kuma a lura da saurin bugun. Wanda ke raguwa yayin da gudu ke raguwa, har ya zama ɗaya-ɗaya gab da tsayawa, yana bin juyawar ƙafa ne, wato daga faifai ko ganga yake.

Akwai wata karkarwa da ba cuta ba ce, kuma rashin saninta ya fi ta haɗari. Tun shekarar 1978, lokacin da kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da na'urar ABS a motocin kasuwa, ta yi ta yaɗuwa, har ya zama daga 2004 kusan duk sabuwar ƙaramar motar da aka sayar a Tarayyar Turai tana ɗauke da ita. Da yake daga can yawancin motocinmu na hannu suke zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Duwala, gidaje da yawa suna da ita ba su sani ba. Aikinta shi ne hana taya daskarewa ta ja a ƙasa: idan ta ji ƙafa za ta kulle, sai ta riƙa saki tana kamawa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Direba zai ji feda tana kaɗawa da sauri tare da gurnani daga gaban mota, musamman a kan jiƙaƙƙen titi ko tsakuwa. Mutum ya firgita ya ɗage ƙafa a wannan lokaci, shi ne kuskuren. Abin da ake so shi ne a danne feda da ƙarfi, a riƙe, a ci gaba da sarrafa sitiyari. Muna roƙon magidanta su gaya wa matansu da 'ya'yansu masu tuƙi wannan, su ma gwada musu a fili mai aminci don ƙafa ta saba. Amma idan ABS tana tashi a kan busasshen titi mota tana gab da tsayawa, ko fitilarta ta ƙi mutuwa a allon direba, to a duba 'yar na'urar da ke ƙirga juyawar ƙafa da zoben haƙoran da take karantawa. Laka, tsatsa ko tsagewar zoben suna ruɗa ta.

Maganar "faifai ya lanƙwashe"

Wannan ita ce amsar da ake ba mai mota tun kafin a ɗaga jak. Wani lokaci gaskiya ce, amma a mafi yawan lokuta abin da ya faru ya fi haka siriri. Faifan bai lanƙwashe kamar murfin tukunya ba, kaurinsa ne ya bambanta daga wannan gefe zuwa wancan. Duk sanda wuri mai kauri ya ratsa tsakanin takalma sai ya tura su baya, turin ya bi man birki ya iso feda. Bambancin da ake magana a kai ido ba ya ganinsa: kashi biyu cikin ɗari na milimita ya isa direba ya ji, alhali silin gashin kai ɗaya ya ninka haka wajen sau uku.

Ta hanyoyi biyu wannan bambanci ke samuwa. Ta farko, faifai ya zauna a karkace a kan cibiyar ƙafa. Kome ƙanƙantar karkatar, a kowane juyi gefe ɗaya zai riƙa shafar takalmi ko ba a taka birki ba, kuma bayan dubban kilomita wurin ya ci. Shi ya sa sabon faifai ke yin lafiya wata biyu ko uku sannan karkarwa ta dawo, mai mota ya ce an sayar masa da jabu, alhali laifin yana wurin ɗaurawa. Abin da ke karkatar da faifai kuwa bai wuce tsatsa ko ƙasa a fuskar cibiya ba, ko boris mai wasa, ko notunan taya da aka ɗaure wani ya fi wani. A nan dole mu faɗi gaskiya game da al'adar da muke gani a bakin titi, inda yaron mai faci ke sa dogon bututu a sifana ya hau kai da ƙafa yana tsalle. Ƙarfin da kamfanin Toyota ya ƙayyade wa notunan taya na Corolla da Carina shi ne 103 a ma'aunin Nm, abin da hannun mutum ɗaya ke kaiwa da sifana madaidaiciya. Akwai sifana mai awo da ke yin ƙara idan an kai adadin. Kuma ba a bin notuna a jere: masu biyar ana tsallake ɗaya kamar zanen tauraro, masu huɗu ana yin gicciye.

Hanya ta biyu ita ce zafi. Idan faifai ya yi zafi ƙwarai, direba kuma ya tsaya cak ya bar ƙafarsa danne a kan feda, takalmi yana barin shafensa a wuri ɗaya. Wanda ya duba da kyau zai ga hoton takalmin a fuskar faifan, ko tabo masu launin shuɗi. Wurin yana kamu fiye da sauran, yana ƙara zafi, har ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya taurare. Idan ya kai nan, ko an feƙe sai tabon ya sake fitowa.

Sai muƙamuƙin kansa. Yana zamewa ne a kan sanduna biyu masu maiko a cikin rigar roba. Idan robar ta yage, ruwan damina da jar ƙasar Yawunde suka shiga, sanda ta ci tsatsa ta kafe, takalmi ɗaya zai zauna manne da faifai dare da rana. Alamarsa ita ce ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi bayan gajeriyar tafiya, mota tana ja gefe, mai yana saurin ƙarewa, kuma idan aka kwance za a tarar takalmin ciki ya cinye na waje yana nan da sauransa. Wannan da tsatsar cibiya su ne dattijon nan ya gano a motarmu. Ya ce mana da an kawo masa ita tun farko, da buroshin ƙarfe da ɗan maiko da sabuwar rigar roba sun wadatar, amma yanzu faya-fayan da aka feƙe sun yi siriri, dole a sake su.

Kada kuma a manta da ƙasan mota. Ramukan unguwanninmu suna cin gaɓoɓin sitiyari da ake kira rotil, da robobin hannun ƙafa, silanbulok. Idan sun yi sako-sako, ƙaramar karkarwar da mota mai lafiya za ta shanye sai ta zama babba, domin ƙafa tana samun wurin kaɗawa. A ɗaga mota a girgiza taya sama da ƙasa, sannan dama da hagu. Duk wasan da aka ji, a gyara shi kafin a zargi faifai.

Abin da za a nema a gareji

Ba muna cewa mai mota ya koya wa makanike aikinsa ba, amma kuɗinsa ne, kuma iyalinsa ne za su shiga motar, don haka yana da haƙƙin tambaya. Awo biyu ake buƙata. Na farko da ma'aunin kauri, wanda ake kira palma, a wurare shida zuwa takwas kewaye da faifan. A gefen kowane faifai na kirki an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, bayan haruffan MIN TH. Na biyu da agogon awo mai allura, komparata, wanda ake kafawa a jikin faifai a juya shi da hannu. A yawancin ƙananan motocin zamani ba a son allurar ta yi wasan da ya wuce 0.05 na milimita. Idan ta wuce, sai a cire faifan a auna cibiyar ita kaɗai, don a san wane ne mai laifi a cikinsu. Garejin da ba shi da waɗannan kayan awo biyu, hasashe yake yi da aljihun mai mota.

Takardar binciken lafiyar mota, wato visite technique, ba ta maye gurbin wannan awo. Na'urar can tana juya ƙafafu a hankali birki yana da sanyi, tana duba ƙarfin kamu da daidaiton dama da hagu. Mota tana iya wucewa lafiya alhali tana karkarwa a gudun 90 faifai da zafi.

Feƙe faifai ba laifi ba ne idan bayan an gama kaurinsa yana sama da adadin da aka buga, kuma ba shi da tsagewa ko shuɗin tabo. Sai dai faifan da aka rage masa nama ya fi saurin ɗaukar zafi, kuma a gari mai gangara irin wannan mu mun fi karkata ga sabo. Ana canza faya-fayai biyu tare, dama da hagu, da sababbin takalma, ko da tsofaffin suna da saura, domin tsohon takalmi ya riga ya ɗauki siffar tsohon faifai. Game da kayan hannu da ake samu a Mvog-Ada ko Camp Yabassi ta Duwala, akwai abubuwan da saye a can dabara ce, kamar ƙofa ko fitila. Faifan birki kuwa, in har za a saya, to a tafi da ma'auni a auna a gaban mai kaya, domin wanda ya cire shi a Turai yana da dalilinsa. A kan sababbin takalma a nemi alamar R90, shaidar cewa an gwada su bisa ƙa'idar Turai, ko da yake mun san masu jabu ma sun iya buga tambari, shi ya sa sanin mai shago ya fi karanta kwali. Araha dai ba ta ado.

Wajen ɗaurawa, a tsaya a ga an goge fuskar cibiya har ƙarfe ya yi fari, an wanke man kariya da ke jikin sabon faifai, an sa wa sandunan muƙamuƙi maikon da ba ya cin roba. Kada a bari yaro ya hure ƙurar birki da iska ko da baki, domin wasu takalman masu araha har yanzu ana samun sinadarin asbestos a cikinsu, wanda ke lalata huhu. Da tsumma mai laima ake share ta.

Tunda an buɗe wurin, a tambayi ranar da aka canza man birki. Ba ya jawo karkarwa, amma yana tsotsar laimar iska, kuma mu ba ma rasa laima. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya haura digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a wajen 155. Idan ya tafasa a tsakiyar gangara, feda za ta nutse har ƙasa ba tare da kamu ba. Duk shekara biyu ake canza shi.

Bayan gyara

Sabon faifai da sabon takalmi suna buƙatar sabawa da juna. A sami hanya marar cunkoso, a kai gudun 60, a taka birki matsakaici har a sauko wajen 10 ba tare da an tsaya ba, a maimaita sau takwas ko goma, sannan a yi tafiyar 'yan mintoci birki ya huce. A kilomita 200 zuwa 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi sai dole. Wannan ya sa ba ma goyon bayan gyaran jajibirin tafiya. A yi shi mako ɗaya ko biyu kafin ranar, don motar ta nuna halinta a cikin gari.

Sauran ya rage ga ƙafar direba. A gangara mai tsawo, giyar da za ta hau tudun ita ce za ta sauke shi: a koma ta biyu ko ta uku inji ya riƙe mota, birki ya zama mataimaki, a taka a saki maimakon a jingina ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa. Sakin mota a furi don tsimin mai, kamar yadda wasu direbobin tasi ke yi, ɗora wa birki dukan kayan ne. Idan an tsaya bayan doguwar gangara a wuri mai lebur, a ɗan sassauta feda ko a bar mota ta mirgina kaɗan, don kada takalmi ya zauna wuri ɗaya a kan faifai mai zafi. Haka nan kada a shiga wurin wanki kai tsaye a watsa wa faifai mai zafi ruwan sanyi. Tsatsar da ke fitowa bayan mota ta kwana biyu a ruwan Oktoba ba abin damuwa ba ce, tana gogewa bayan taka birki kaɗan, sai fa idan motar ta yi watanni a ajiye.

Ba mu manta da daren 27 ga Janairun 2021 ba, lokacin da motar safa ta yi karo da wata mota mai ɗauke da man fetur a gangarar Dschang, kusa da Santchou, mutum fiye da 50 suka rasu. Hukumomin yankin Yamma sun ambaci matsalar birkin motar man a cikin binciken farko. Allah Ya kiyaye mu da irin wannan. Karkarwa ba ita ce tsinkewar birki ba, amma abubuwan da ke haifar da ita, wato zafi fiye da kima, muƙamuƙin da ya kafe da faifan da ya yi siriri, su ne dai ke kai birki ga gazawa idan gangara ta yi tsawo kuma mota ta yi nauyi.

Ranar tafiya, idan an cire tayoyi a kwanakin, a sa sifana a kusa, ba a ƙarƙashin kaya ba. Garin Awae yana wajen kilomita 50 daga Yawunde a kan hanyar Ayos. A tsaya can a bi notuna ɗaya bayan ɗaya, sannan a kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa, ba tare da an taɓa ƙarfen ba, a ji ko akwai wadda ta fi sauran zafi.